Tsohon Gida a Cikin Ganuwa: Faɗin Aibi da Neman Kuɗin Gyara

A cikin birnin Zazzau cinikin tsofaffin gidaje ya fi ci da rani. Daga kaka zuwa bazara za ka ga dillalai suna zagayawa da mutane lungu-lungu, daga Kwarbai zuwa Limancin Kona, daga Ƙaura zuwa Unguwar Juma, ana buɗe zauruka ana leƙa ɗakuna. A wannan lokacin kowane bango a bushe yake, tsakar gida fes, rufi kuwa babu mai iya nuna inda yake yoyo. Ginin ƙasa ba ya bayyana halinsa sai cikin marka, sa'ad da ruwa ke kwana yana zuba. Zariya na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kuma mafi yawansa a 'yan watanni kaɗan yake sauka, musamman Agusta. Wanda ya biya kuɗi a Fabrairu sai Agusta zai san abin da ya saya.

Ba hana mutane sayen irin waɗannan gidaje nake yi ba. A cikin ganuwar nan aka haife ni, kuma na san abin da ke jan ɗan birni ya dawo. Ga dangi kusa, ga makarantun zaure, ga masallaci a bakin ƙofa, ga kasuwa ba sai an hau abin hawa ba. Fili kuma ya yi wuya tsakanin Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan, don haka mai son zama a ciki sai dai ya sayi abin da wani ya bari. Gidajen ma ga su nan: tsofaffi sun rasu, 'ya'ya sun watse Kaduna da Kano da Abuja, gida ya zama kango ko ya kusa, magada suna son a sayar a raba. Farashin yakan yi sauƙi idan aka gwada da sabon gini, kuma wannan sauƙin ne ke sa mutum ya rufe ido.

Ƙanwata malamar firamare ce. Bayan mijinta ya rasu ta fita takaba, sai ta haɗa abin da ya zo hannunta da na marayunta ta sayi wani tsohon gida ta wajen Ƙofar Kuyambana, don ta huta da haya. Gidan ya yi kyau a ido. Zaure ya sha sabon fenti, an yi wa bangon gabas shafen siminti, an ɗora kwano a kan soro. Da marka ta kankama, wata rana da asuba ta kira ni muryarta na rawa: "Yaya, ka zo ka ga bangon nan." Shafen simintin ya ɓanɓaro falle guda ya faɗi, abin da ke bayansa kuwa tubali ne da ya jiƙe ya yi laushi, gara ta yi hanyoyi a ciki tun ba bana ba. Ruwan lungu yana shigowa ta zaure, domin an ɗaga lungun da kankare ya fi daɓen gidan tudu. A ɗakin da aka ƙara daga baya ƙasa ta fara lotsawa, sai ga shi a kan tsohon masai aka gina shi.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne maganar wata dattijuwa maƙwabciya da ta shigo jaje. Ta ce, "'Yar nan, ai duk lungun nan an san halin bangon nan." Sun sani, amma babu wanda ya faɗa. Ba mugunta ba ce, kara ce. Mai sayarwa ɗan unguwa ne, da shi aka tashi, ba a son a ce wane ne ya ɓata wa wane ciniki. Kara halin kirki ne a wurare da yawa, amma a nan dukiyar marayu ce ta biya kuɗinta.

Aka zauna a zauren mai unguwa, da liman da dillali da wanda ya sayar a madadin magada. Hujjarsa ɗaya ce, ita ce kuma ake ji kullum: "Ranka ya daɗe, ta gani da idonta, kuma na ce mata yadda ta gan shi haka muka sayar." Liman ya tambaye shi wa ya sa a yi shafen, yaushe, kuma me ke wurin kafin a shafe. Ya yi shiru. Aka kira magina biyu suka duba, suka ce ɓarnar ta shekaru ce, suka ƙiyasta gyara. Magada suka mayar da wani kaso na kuɗin. Bai ishi aikin ba, amma ya rage zafi.

Abin da liman ya dogara da shi ba baƙon ilimi ba ne a garin nan. Yana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan Kona da Juma tun kakanni. Asalinsa hadisin da ke cikin Sahihu Muslim ne, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya barranta daga mai algus. Malaman mazhabar Malikiyya sun gina hukunci filla-filla a kan haka. A Muhtasar na Shehu Halil, wajibi ne mai sayarwa ya faɗi aibin da ya sani, ya siffanta shi ko ya nuna shi, kuma bai halatta ya dunƙule maganar ba. Ke nan cewa "tsohon gida ne, ka san sai da gyara" bai sauke nauyi ba. Sai ya ce bangon gabas ya taɓa tsagewa an toshe, ɗaki kaza yana yoyo, wuri kaza akwai rijiyar da aka cike. Cewa "yadda ka gan shi" kuma ba ta wanke mutum daga aibin da ya sani ya ɓoye.

Malaman sun kasa aibin gida kashi uku, kuma haka Ibn Asim ya kawo a Tuhfatul Hukkam, littafin da alƙalanmu suka daɗe suna aiki da shi. Akwai ƙaramin aibi da ba ya rage darajar gida, wannan ba a komai a kansa. Akwai matsakaici, kamar tsaga a bangon da ba a jin tsoron faɗuwarsa. Wannan ba ya warware ciniki, amma mai saye yana da haƙƙin a mayar masa da gwargwadon abin da aibin ya rage. Sai babban aibi, wanda ake tsoron rushewa saboda shi, ko ya cinye kaso mai yawa na darajar gidan, da yawan malamai sun ƙaddara shi da sulusi. A nan mai saye yana iya mayar da gida ya karɓi kuɗinsa. Halil ya ambaci rijiya mai ruwan zartsi a unguwar da ruwanta ke da daɗi a cikin abin da ake mayar da gida saboda shi, masu sharhi kuma suka ƙara da irin su ƙafewar rijiya, da masai a bakin ƙofa, da yawan kuɗin cizo, har da mugun maƙwabci. Duk lokacin da na karanta wannan babin sai in ji kamar a lungunmu suka zauna suka rubuta shi.

Sai dai haƙƙin yana da iyaka, kuma a nan mutane ke faɗuwa. Aibin da yake a fili, wanda duk mai ido zai gani, ba a dawowa a yi kuka a kansa. Wanda kuma ya gano aibi ya yi shiru ba tare da uzuri ba, ko ya shiga rushewa da sake gini, za a ɗauka ya yarda. Don haka ranar da ka ga matsala ranar za ka kira shaidu, ka ɗauki hoto da wayarka, ka sanar da wanda ya sayar maka, kafin magini ya taɓa komai. Alƙali ba zai yi hukunci da zato ba, masana gini zai tura su duba ko aibin ya riga ciniki ko bayansa ya faru.

Dokar da muka gada daga Turawan Ingila ba ta kai haka tausayin mai saye ba. A wurinta mai saye ne zai buɗe idonsa. Mai sayarwa dole ne ya bayyana ɓoyayyiyar matsala da ta shafi mallaka, kamar jingina ko haƙƙin wani a kan filin, amma ba dole ba ne ya lissafa maka lalacewar gini, sai fa idan ya yi ƙarya da aka tambaye shi ko ya rufe aibi da gangan don ya yaudara. Wannan ya sa tambaya take da muhimmanci. Wanda ya yi tambaya a gaban shaidu aka ba shi amsar ƙarya yana da abin riƙewa a kowace kotu. Su kansu Turawan sun ga gibin sun cike shi da takarda. A Ingila mai sayar da gida yana cike wata takardar tambayoyi da ake kira TA6, inda zai faɗi ko ambaliya ta taɓa shiga gidan, ko yana da rigima da maƙwabta, da gyare-gyaren da ya yi. A Amurka dokar tarayya ta 1992 ta wajabta wa mai sayar da gidan da aka gina kafin 1978 ya faɗi abin da ya sani game da fenti mai gubar dalma, jihohi da yawa kuma suna da tasu takardar faɗin aibi. Mu namu hukuncin ya riga nasu da ɗaruruwan shekaru. Abin da muka rasa shi ne rubutawa. Takardar cinikin gida a birni yawanci layi kaɗan ce: wane ya sayar wa wane, a kan kuɗi kaza, iyaka gabas gidan wane, yamma lungu, sai sa hannun shaidu da mai unguwa. Ba a ambaton bango ko rufi ko rijiya.

Kada wani ya ɗauki tsaga abin wasa. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na Babban Masallacin Juma'a da ke Ƙofar Fada ya rufta kan masallata, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne, tun zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu a shekarun 1830, kuma babu ginin ƙasa da ya fi shi suna a ƙasar Hausa. Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmad Nuhu Bamalli ya bayyana cewa an ga tsaga a jikin ginin kwana ɗaya kafin abin ya faru, ana shirin kawo injiniyoyi. Idan aikin Babban Gwani zai iya gajiya cikin marka, mai shafe tsagar ɗakin kwana da siminti don ya sayar ya san da rayukan mutane yake wasa.

To, me mai saye zai duba? Kada ka je kai kaɗai, kada kuma ka je da dillali kaɗai, domin shi la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa. Nemi tsohon magini wanda ya san tubali da azara, ba mai jera bulo kawai ba, ka biya shi ladan yininsa. Zai fara da gindin bango, inda ruwa ke ci. Zai ƙwanƙwasa shafen siminti, idan ya ji yana amsawa kamar ganga ya san ya rabu da ƙasar da ke baya. Siminti da jar ƙasa ba sa zama lafiya: simintin yana riƙe danshi a ciki, bango ya ruɓe a ɓoye, gara ta samu inuwa. Magabata da makuba da laso suke kare bango, suna sabunta yaɓe kafin damina, shi ya sa ginin yake numfashi. Zai duba bakin azara inda ta shiga bango, domin azarar giginya tana da ƙarfi amma idan rufi ya daɗe yana yoyo ta nan take fara ci. Zai ɗaga kai ya kalli bakan gizo da ɗaurin guga ko sun fara buɗewa. Zai hau sama ya ga indararo, ko suna nan, ko sun toshe, kuma a gidan wa suke zuba. Kwanon da aka ɗora a kan soro yana iya zama kariya, yana kuma iya zama mayafin ɓarna, sai an leƙa ƙarƙashinsa.

Bayan magini sai tsofaffin unguwa. Su suka san inda kududdufi yake a da kafin a cike shi da shara a yi gini. Birnin nan cike yake da irin waɗannan wurare, tunda daga nan aka haƙi ƙasar da aka gina gidajen. Su suka san ta inda ruwan lungu ke bi, da ko kwatar maƙwabci ta cikin gidan take wucewa, da wace katanga ce ta haɗaka. A wasu tsofaffin gidajen malamai da na sarauta har kabari akwai a ciki. Ka tambayi tazarar rijiya da masai, ka ɗebi ruwan ka gani. Ka nemi takardar kuɗin wuta ta ƙarshe, kada ka gaji bashin shekaru. Kuma ka yi wa mutane tambayar yadda za su iya amsawa ba tare da jin sun ci amanar ɗan unguwa ba: "Baba, in da ɗanka ne zai saya, me za ka ce ya gyara tun farko?"

Akwai aibin da magini ba ya gani, shi ne kuma ya fi tsada. Yawancin tsofaffin gidajen birni na gado ne, wani an yi hawa biyu ko uku ba a raba ba. Wanda ya kai ka gidan yana iya zama babban wa, amma akwai 'yar'uwar da ke aure a wani gari ba a shawarce ta ba, akwai marayun ƙanen da ya rasu, akwai ɗakin da aka jinginar wa wani tun tuni. A fiƙihun Malikiyya abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato idan ɗan'uwansa ya sayar wa bare da kasonsa, yana iya biyan kuɗin ya karɓe. Risala ta Ibn Abi Zaid ta nuna cewa wanda yake nan ya sani ya yi shiru haƙƙinsa yana faɗuwa bayan shekara, amma wanda ba ya gari yana nan da haƙƙinsa ko da ya daɗe. Maƙwabci kawai ba shi da wannan haƙƙin. Don haka ka nemi takardar rabon gado daga kotu, ko dukkan magada su sa hannu, mata da maza, tare da waliyyin marayu. Mutum ya gama zuba kuɗin gyara sannan sammaci ya iso, na ga wannan a unguwarmu, kuma ba na yi wa kowa fatansa.

Sai maganar gwamnati. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, kuma sayar da haƙƙin mallaka ko jinginar da shi yana bukatar amincewar hukuma. A Jihar Kaduna hukumar KADGIS, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ke riƙe da rajistar filaye da ba da takardar shaidar mallaka. Mai niyyar rushewa ya sake gini kuma yana bukatar izinin hukumar tsara birane ta jihar, KASUPDA. Gidaje da yawa a cikin ganuwa ba su da wata takarda sai ta mai unguwa da sanin jama'a. Wannan ya wadatar a zaman unguwa, amma bai wadatar a banki ba, kuma nan ne maganar aibi take haɗuwa da maganar kuɗin gyara.

Mai sayen kango yakan zuba duk abin da ya tara a ciniki, ya ce gyara a hankali. Ginin ƙasa ba ya jiran a hankali, damina ɗaya tana iya ninka aikin. Ina kuɗin za su fito?

Hanyar gwamnati ita ce Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, wanda ke riƙe da Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992. Ma'aikaci yana zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa duk wata. Malaman makaranta da yawa ana cire musu wannan kuɗin shekara da shekaru ba su taɓa tambayar amfaninsa ba. Wanda ya yi aƙalla wata 6 yana zubawa yana iya neman rance. Babban rancen, na saye ko gini, ruwansa kashi 6 cikin 100 ne, ana iya biya har shekara 30, amma ta bankin jinginar gidaje ake bi, kuma sai da ingantacciyar takardar mallaka. Gidan ƙasa mai takardar mai unguwa da wuya ya wuce wannan ƙofar. Akwai kuma ƙaramin rance na gyaran gida, wanda ake nema ta hannun ma'aikatar mutum ana cira daga albashi cikin 'yan shekaru. An daɗe iyakarsa tana naira miliyan 1. Lokacin da aka sa wannan iyakar kuɗi ne masu auki. Amma a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, ka ga miliyan ɗaya ba ta kai buhu 100 ba, ba a yi maganar kwano da katako da ladan ma'aikata ba. Duk da haka tana iya rufe ɗaki biyu ta gyara magudana, kuma haƙƙin ma'aikaci ne, ya je ofishin bankin a Kaduna ya ji ƙa'idar da ake kai yanzu. Ɗan kasuwa da maɗinki da mai ɗinkin hula, waɗanda su ne yawancin mutanen birni, ba su da albashin da za a cira, don haka hanyar ta fi yi musu nisa.

Bankunan kasuwanci ban ba kowa shawarar ya dosa don gyaran gidan zama ba. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, abin da bankuna ke ɗora wa mai rance kuma ya fi haka. Gida ba ya kawo riba duk wata balle ya biya wannan. Ga kuma abin da ya fi komai nauyi a zuciyar mutanen garin nan: ruwa riba ne, ko kashi 6 ne ko 30, kuma da yawa gara su kwana a ɗaki mai yoyo da su taɓa shi. Ina girmama wannan. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa sun buɗe wata ƙofa: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021. A tsarin murabaha banki ne zai sayi kwano da siminti da katako ya sayar maka da ribar da kuka sani tun farko, ka biya kaɗan-kaɗan. Ba kyauta ba ce, wani lokacin jimillar ba ta da sauƙi, kuma su ma suna neman albashi ko jingina ko mai tsaya maka. Ka sa a rubuta maka jimillar abin da za ka biya kafin ka sa hannu.

Abin da na ga ya fi yi wa mutane aiki a zahiri shi ne ƙungiyoyin taimakon juna na ma'aikata, irin waɗanda ake da su a manyan makarantun Zariya da asibitoci, sai adashi, sai rancen ɗan'uwa. Ƙanwata da kwasar adashi da rancen ƙungiyar malamai ta tayar da bangonta. Rancen ɗan'uwa ma a rubuta shi, da ranar biya, don zumunci ya tsira.

A Amurka akwai wani tsarin rance mai suna 203(k), wanda hukumar gidaje ta tarayya ke tsaya wa. Ana haɗa kuɗin saye da na gyara a rance ɗaya, a ajiye na gyaran a gefe, ana sakinsa mataki-mataki bayan an duba aikin da aka yi. Ba mu da irinsa a hannu, amma hikimarsa ba ta bukatar banki. Kafin ka taya gida, magininka ya ba ka ƙiyasin gyara a rubuce. Haɗa shi da farashi da la'ada da kuɗin takardu, wannan jimillar ita ce kuɗin gidan. Idan abin da ke hannunka bai kai ba, nemi ragi da hujjar ƙiyasin, ko ka haƙura ka nemi ƙarami. Kuma akwai dabarar da na so a ce ta yaɗu: a yi ciniki a kan cewa wani kaso na kuɗin, ko da ushiri ne, sai bayan damina za a biya, a sa rana sananniya a rubuta. Jinkirta wani ɓangare na kuɗi zuwa ajali sananne halal ne. Mai sayarwar da ya san gidansa lafiya yake ba zai ji tsoron Agusta ba, wanda ya ƙi kuwa ya ba ka amsa.

Idan kuɗi suka samu, ruwa ake fara kora: rufi, indararo, magudana, gindin bango. Sannan masai da rijiya, sannan wayar wuta. Fenti da tayil su ne na ƙarshe, ko da uwargida ta matsa. Kuma ina roƙon mai saye kada ya yi saurin kiran masu rushewa. Soro mai kaurin bango yana da sanyi a bazara, yana da ɗumi a hunturu, abin da ɗakin bulo da kwano ba zai ba ka ba sai da wuta da fanka. Zaure mai ɗaurin guga da zankwaye, idan ya faɗi, masu iya tayar da irinsa sun yi ƙaranci. Sau da yawa gyara shi da ƙasa da azara ya fi rushewa araha, kuma kuɗin a hannun maginan garin nan za su tsaya.

Kirana ga masu unguwanni da limamai da dillalan birni ne, da fatan fada za ta sa baki. A ƙara shafi ɗaya a takardar cinikin gida. A rubuta tambayoyi da Hausa, da boko ko da ajami: ina ke yoyo, wane bango ya taɓa tsagewa, yaushe aka yi shafe na ƙarshe kuma don me, ina tsohon masai da tsohuwar rijiya, ruwa ya taɓa shiga, su wane ne magada, akwai jingina ko bashi. Mai sayarwa ya amsa, magini ya sa hannu, shaidu su sa. Mai unguwa kada ya buga hatiminsa sai ya ga wannan shafin. Hakan zai kare mai saye, zai kare mai sayarwa na kirki daga zargi bayan shekaru, zai kuma sauke wa maƙwabta nauyin kara, tunda takarda ce ta yi tambayar ba su ba. Ba sai an jira majalisa ta yi doka ba, mai unguwa ɗaya zai iya farawa a cinikin da za a kawo masa gobe.